Layin Inno

Layin wayar Inno ya mutu ranar wata Talata. Kamfanin waya ya ce sai an haɗa shi da lambar katin shaida, in ba haka ba nan da 'yan watanni za a sayar wa wani. Ita kuwa Inno ba ta da katin. Sau huɗu 'yarta Sakinatu tana ɗaukar mata keke mai ƙafa uku daga Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, zuwa ofishin rajista, ta tallabe ta su hau bene da gwiwarta mai ciwo, sau huɗu na'ura tana ƙin karɓar yatsunta. Shekara arba'in matar nan tana ɓare goro tana wanke shi, zanen yatsun ya shafe sumul. A ce ta shafa mai ta dawo. Ta shafa ta dawo, a ce ta je ta wanke man.

Da layi ne kawai, da tuni Sakinatu ta yi mata wani da sunanta an wuce wurin. Amma wannan lambar kaɗai Ɗantani ya haddace. Ɗantani yayan Sakinatu ne, shekara biyar ke nan da ya bi ta Agadas ya faɗa Libiya. Sau biyu ko uku yake kira a shekara, kullum da wayar aro, ya ce yana nan da rai, ya kashe.

Ana cikin haka sai ga sanarwa: hukumar katin shaidar za ta turo ma'aikata Sabo su ji ra'ayin jama'a kan aikinta. Sakinatu ta ce to, ranarta ta zo.

Aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Nata'ala, dattijon unguwar, aka jera kujerun roba da lemo mai sanyi. Baƙin su uku ne, babbarsu wata Bayarabiya mai gilashi. Takardar da suka raba ba ta da wuya. Kowace tambaya akwatuna uku: na gamsu sosai, da dama-dama, ban gamsu ba.

Kafin a fara, Alhaji ya miƙe ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa.

"Mutanen nan ƙafarsu ta kawo su har ƙofarmu. Kada wanda ya kunyata mu a gaban baƙi. Mai kuka ya same ni bayan taro, mun san ta inda za mu bi."

Haka fa Sabo take. Mutum an haifi kakansa a Ibadan, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, amma har yau yana takawa a hankali kamar ɗan haya. A rubuta ƙorafi, da suna da unguwa, a kai ofishin gwamnati? Don gobe a ce Hausawan nan ba su iya zama lafiya ba? Gara a haɗiye.

Matan da ba su yi boko ba suka yi layi gaban Sakinatu ta cike musu. Ta farko ita ce Mero mai abinci, wadda ta yi wata bakwai tana zarya a ofishin rajistar.

"Goggo Mero, me zan sa miki?"

"Sa mai kyaun, 'yata. Ba ki ji Alhaji ba?"

Ta sa. Ta sa wa ta biyu, ta sa wa ta ashirin, ranta yana ƙuna. Da ta zo kan tata takardar, mai gilashin tana cewa da Yarabanci a faɗi gaskiya, don ita suka zo ji. Sakinatu ta ɗora biro a kan akwati na uku. Ta ɗaga kai, sai suka haɗa ido da Alhaji, mutumin da ya sallaci gawar mahaifinta. Ta mayar da biron akwatin farko.

Bayan taro ta bi matar har bakin mota, ta rusuna, ta zayyana mata labarin yatsun Inno.

"Ayya," in ji matar. "Kin dai rubuta a takardar ko? Ita ake dubawa a sama."

Kunya ta kama Sakinatu. Ta ce, "E, Ma."

Ta kai wa Alhaji kukanta kamar yadda ya ce. Wata uku suka shuɗe. Duk lokacin da ta gai da Alhaji sai ya ce ana kan magana. Da ta gaji ta koma ofishin da kanta, ta tarar da sabuwar sanarwa a allo. Ashe hukumar ta samo mota mai sabuwar na'ura, tana bin tsofaffi gida-gida, wanda yatsunsa suka shafe ma akwai yadda ake yi masa. An tura ta wuraren da aka fi ƙorafi. Ta yi mako uku a yankin Akinyele, ta gama, ta bar garin. A saman allon ga sunan Sabo da manyan baƙaƙe: kashi casa'in da bakwai cikin ɗari sun gamsu. Har da godiya aka yi musu.

Ba wanda ya cuce ta a wannan allon. Rubutun hannunta ne, sau ashirin da ɗaya.

Ta sauko benen ta tsaya a inuwa. Ba ta san abin da ya sa ta danna lambar Inno ba. Ta saba jin an ce layin a rufe yake. Yau sai ya shiga.

Wata mata ta ɗauka da Yarabanci, ana hayaniyar kasuwa a bayanta. Ta ce mako biyu ke nan da ta sayi layin a kasuwar Bodija.

"Don Allah, Anti," in ji Sakinatu, "ko wani ya kira daga ƙasar waje?"

"E, wani mutum, shekaranjiya. Yana ta tambayar wata Inno. Na ce masa babu mai wannan sunan a nan."

"Me ya ce?"

"Ya tambaye ni ko ta rasu ne. Na ce ni ina zan sani. Sai ya kashe."

"Lambar da ya kira da ita fa, tana nan?"

"Lamba ba ta fito ba," in ji matar. "Ki yi haƙuri, ina da masu saye a gabana."