Ƙwayoyin Gwangwanin Mudi

Shekarar da soja ke riƙon ƙwarya ana jiran zaɓe, fuskar Sakina ta kumbura kamar an hura ta. Mijinta Mudi ya ɗora ta a amalanke sai gidan likita na Gazawa. Ciwon gwiwa ne ya sa yake sayo mata wasu fararen ƙwayoyi daga tsallaken iyaka, na tsiyaya, ba kwali ba suna.

Likita ya ce ƙwayoyin ne suka kumbura ta, kuma maganin nan ba a yanke shi rana guda, sai a rage sannu sannu, in ba haka ba ta faɗi. Amma iri biyu ne masu kama da juna, ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi wajen sau bakwai. Sai an san wanda take sha. Ya tura Mudi wurin Abdulmumini mai awo a labo, ɗakin gwaje-gwaje.

Abdulmumini ya daka ƙwaya uku, ya narkar, ya ɗiga a gindin wani farin allon gilashi, ya tsaida shi cikin kwalba mai ruwan magani. Ruwan na hawa yana jan ɗigon, kowane iri da inda yake tsayawa. Nasu bai tsaya ko'ina ba. Doguwar shafa ya yi, ta haɗe wuraren biyu.

"To wanne ne?" in ji Mudi.

"Ban sani ba tukuna, Malam Mudi."

"Lakol ɗin naka fa, duk karatun da ka yi?"

Abdulmumini ya ce zafi ne, ya kai kwalbar inuwa. Shafa. Ya ce murfi ne, ya liƙe shi. Shafa. Kwana biyu Mudi na zaman bakin ƙofa yana tsaki, Sakina na kwance fuska na ƙara cika. Rana ta uku Abdulmumini ya sake haɗin ruwan, ya rage yawan ɗigon. Sai ga tabo biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Ya daɗe yana kallo. "Ni na ɓata, ko kuwa... Ina kake ajiye ƙwayoyin?"

Mudi ya zaro gwangwanin madara daga aljihu.

"Duk wurin mutum ɗaya ka saya?"

"A'a. Waɗannan na kasuwar Cadakori, waɗannan na iyaka. In sun yi ƙasa sai in zuba sabbi bisa tsoffi, yadda nake yi wa irin wake. Ba duka farare ba ne?"

Abdulmumini ya dafe kai. "Kwana uku ina zagin kwalbata! Duka biyun take sha, yau mai ƙarfi, gobe marar ƙarfi."

Likita ya karɓe gwangwanin, ya ɗora ta kan nasa maganin, ya ɗauka kamar mai ƙarfin take sha. Ragewar za ta ci wata biyu, kuma kowane mako sai an kawo ta, ga shuka ta kama.

Mudi ya miƙa hannu. "To a ba ni gwangwanina."

Aka juye ƙwayoyin, aka ba shi.