Ranar Sunan Jikanmu

"Anti, don Allah a ɗan rage lasifikar nan," in ji saurayin, yana ta gumi cikin baƙar kwat da rana tsaka.

Sunan jikanmu na fari ake yi, tsakar gidan hayarmu ba masaka tsinke, ni kuwa ina rabon dokunu, tuwon ƙullun masarar nan, da soyayyen kifi. Na san shi, Odartey ne, mai waƙa a otal-otal ɗin unguwar Osu. Shi da wasu samari suka tono salon waƙar zamanin da, mai sanyin nan da ake yi baki dab da makirufo kamar ana yi wa budurwa raɗa. Wajen Papa Ankrah na ɗakin ƙarshe yake koyo. Da ita tsohon ya yi tashe a zamanin iyayenmu. Mu dai Sarkin Raɗa muke ce masa, mu sheƙe da dariya.

"Jikin Papa ya yi tsanani," ya ce. "Yana so in rera masa waƙarsa ya ji ko ta zauna a bakina. Ina yi, ba ya ji."

"To ka ɗaga murya mana."

"Ba a ɗaga mata murya, Anti. Ya hana ni tun ranar farko."

Na sami maigidana Kotey a tsakiyar fili, na gaya masa.

"Haba Okailey, surukai sun taso tun daga garin Tema, sai mu zaunar da su tsit kamar gidan makoki? Tsohon nan ai tun bara yake mutuwa. Bari wannan waƙar ta ƙare."

Ban ja da shi ba. Wannan ta ƙare, wata ta shiga, har ƙanwata ta fizgo ni na taka, faranti a hannu.

Ba mu muka kashe kiɗan ba, wuta aka ɗauke. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Jama'a suka fara tsaki, sai kuma aka yi shiru. Daga ɗakin ƙarshe muryar Odartey ta fito a hankali, amma har bakin ƙofa ana jin kowace kalma. Wallahi ban taɓa sanin haka waƙar take ba. Wata tsohuwa cikin surukan ta dafe ƙirji.

"Da wannan aka nemi aurena," ta ce. "Ashe Ankrah na nan da rai?"



Na leƙa ɗakin. Odartey na durƙushe, bakinsa a kunnen tsohon, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

"Ya ji?" na tambaya.

"Ban sani ba, Anti. Tun ana kiɗa na ji hannunsa ya sake ni."

Na rufe wa Papa ido, na gyara masa zane, na kasa kallon saurayin.

Da na fito, Kotey na tsugune a gindin bango. Ya zare wayar lasifikar tun kafin a dawo da wuta, yana naɗe ta a hannu, kansa a ƙasa.