Mijina Ya Tafi Shenzhen

Shekara biyu yarinyar nan Kuang Yinuo ta yi tana bin mu da kyamara, daga gona har bakin murhu, wai tana haɗa fim kan yadda matasa ke watsewa suna barin tsofaffi a ƙauye. Ta ɓace wata shida. Ranar Asabar da rana tsaka sai ga ta, ta sa aka toshe tagogin zauren taro da barguna, za ta nuna mana kanmu.

Abin da ba ta sani ba, mijina Dou Shouren ya mutu bayan tafiyarta. A yankinmu doka ta ce ƙona gawa ake yi, shi kuwa ya sha gaya mini in na bari aka sa shi a wuta ba zai yafe mini ba. Muka binne shi a gonarmu ta alkama, muka baje ƙasar, ba tudu ba dutse. Duk baƙon da ya tambaya, sai mu ce ya tafi birnin Shenzhen wajen 'yarmu. Kowa a ƙauyen ya sani, kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don in hukuma ta ji, tono shi za a yi.

Kujeru fal a zauren, amma ina Sakatare Bian zai zauna in ba kusa da ni ba? Sabon jami'in da aka turo mana ke nan, mutumin da ko tari ka yi sai ya rubuta.

Fim ya fara, sai ga Shouren ya cika bango, yana zuƙar taliya da ɗanyar tafarnuwa, yana zagin tarakta. Aka fashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar in kurma ihu. Amma matar da mijinta ke Shenzhen ba ta kuka. Maƙwabciyata Guizhi ta mintsine ni a cinya.

"Yi dariya mana, ke!" ta raɗa mini. Na washe haƙora.

"Inna, tsohon nan naki akwai ban dariya," in ji Bian. "Yaushe zai dawo?"

"Sai ƙafarsa ta warke, Sakatare."

Na ɗauka an wuce wajen. Ina! Sai ga shi kuma a gona, ƙarƙashin bishiyar da ke kusurwar gabas, yana dira ƙafa a ƙasa.

"Ke mai kyamara, ɗauki nan da kyau," ya ce. "Nan zan kwanta. Su je su ƙona wanda suka ga dama."

Daidai wurin ne, ko taku ɗaya ba mu kauce ba. Tsohon banza, ya mutu ma bakinsa bai bar ni na huta ba! Bian bai kalle ni ba, ya dai rufe littafinsa. Sauran fim ɗin ban ga komai ba.

Da aka yaye barguna na miƙe zan sulale, sai na ji, "Inna Dou, ɗan tsaya." Bian ne. Ya ja ni gefe.

"Jiya na bi ta gonarku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Alkamar kusurwar gabas ta fi sauran tsayi da kore, daga kan titi ma ana ganinta. Sati mai zuwa manya za su zo daga gunduma. Ki sa a yanke ta, a ce ciyawar awaki ce."

Na ɗago kai na dube shi.

"Uwata ma tana Shenzhen," ya ce. "Shekara uku ke nan."