Kunkunniya a Tagar Dada

Suhail ya shafe watanni yana koya wa kwamfuta yadda hayaƙi ke curewa, domin aikin digirinsa na biyu. Yakan saki ƙwayoyin kunkunniya na kwaikwayo a allo, su yi ta yawo, duk wadda ta taɓa 'yar'uwarta ta manne, har curi mai rassa ya tashi. In ya faɗaɗa reshe guda, sai ya tarar da siffar curin duka a cikinsa, a cikin wannan ma akwai wata.

Wutar lantarki a unguwarsu ta Majidaɗi ba ta zama, saboda haka janareto ke riƙe da aikin. Da maƙwabcinsu Rufus ya koka da ƙara, Suhail ya mayar da injin lungun baya, ƙarƙashin tagar Dada, mahaifiyarsa.

Bayan azahar yana duban sakamakon, yana tunanin yadda irin wannan curi, don rashin nauyi, ke daɗewa a iska har ya kai ƙuryar huhu, sai ƙanwarsa Zulfa ta shigo riƙe da wanki.

"Hamma, dubi labulen Dada. Kai ka ce a murhu aka rataye shi."

Ya shafa, yatsansa ya yi baƙi. Sai ya tuna tarin da yakan jiyo daga ɗakinta.

"Tun yaushe take tari?"

"Tun da ka kai mata sabon maƙwabci."

"Me ya hana ta faɗa mini?"

"Dada? Kai da ko sunanka ba ta kira, ɗan fari. Na ce zan gaya maka, ta ce in ƙyale mai karatu."

"Tana ina?"

"Kwance tun hantsi, wai kanta na sarawa. Ko sallah ba ta tashi ba."

Ya ruga lungu ya kashe injin, allon ya mutu da lissafin da bai ajiye ba. Ya tsaya ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ya kutsa, ya banke taga, ya durƙusa yana neman motsin zanen da ke ƙirjinta, bai tabbatar ko ya gani ba.

"Zulfa, tare mana keke napep, asibiti za mu."

Sai tari ya turnuƙe Dada, mai tsawo, mai kaushi. Ta buɗe ido da ƙyar, ta kauce wa fuskarsa, ta nemi ta 'yarta.

"Wa ya kashe masa injin?"