Irin Albasar Iliyasu

Iliyasu ya rasu a farkon damina, bayan ya kwashe shekara guda yana jinya. Ya bar wa matarsa Ma'u 'ya'ya huɗu, da gonar fadama a bakin kogin Rima, da wani ƙaramin gora rataye a ɗaki. Irin albasa ne a cikin goran. Da hannunsa yake zaɓar manyan albasa kowace shekara, ya dasa, su yi fure, ya tara irin. Haka ya gada wurin mahaifinsa, kuma duk ƙauyensu na Boyekai an san jar albasarsa da daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba.

Da ruwa ya fara ja, wata ƙungiyar taimakon manoma ta zo daga Goronyo tana koya wa mata rainon albasa, tana raba sabon iri. Ma'u tana takaba, ba ta fita. Ƙanen mijinta, Mu'azu, shi ya kawo mata labari.

"Matar Yaya, ki amshi na ƙungiya. Wanga gora ya kwan biyu, bara ba a shuka shi ba. Ya mutu."

"Kai ka shiga ciki ka gani?"

"Ni dai ba ni zuba wahalata ga mataccen iri. In rani ya wuce, mi za ki ba yaran ga?"

 Ma'u ta san in aka bar goran bana, irin Iliyasu ya ƙare ke nan.

Ran Laraba sai ga sallama. Malamar ƙungiyar ce, Zakiyya, wata siririyar yarinya da laka har idon sawu. Ta yi gaisuwa, ta yi wa mamaci addu'a, sannan ta ce, "Inna, an ce ba ki iya zuwa wurinmu, shi ya sa munka zo. Ina goran?"

"Ke ma yarwa za ki ce in yi?"

"A'a. Tambayar shi za mu yi. Ba ni tsumma mai tsabta."

Ma'u ta ɗauko wani tsohon rawanin Iliyasu, ta yagi gefe. Suka jiƙa shi, suka jera ƙwayar iri ɗari, goma goma, baƙaƙe kamar gawayi. Zakiyya ta naɗe tsumman, ta ajiye gindin randa inda ke da sanyi.

"Kullum ki yayyafa ruwa, kada ya bushe. Kada ki buɗe sai na dawo."

Kwana takwas Ma'u tana yayyafawa. Sau biyu ta kai hannu za ta warware, ta fasa.

Da Zakiyya ta dawo, Mu'azu ya biyo ta, ya tsaya a bakin ƙofa. Aka buɗe tsumman. Wasu ƙwayoyin sun fito da farin tsiro kamar zare, da yawa kuwa suna nan yadda aka ajiye su. Ma'u ta bi su da yatsa. Ashirin da bakwai.

"Na hwaɗi," in ji Mu'azu, amma a hankali.

"Kun yi gaskiya, Malam, ba ya cika gona," in ji Zakiyya. "Amma bai mutu ba. Inna, a shuka na ƙungiya don kasuwa. Wanga a zuba shi duka, da kauri, a fangali guda, ɗan yanki na gona. Abin da ya fito ba na saidawa ba ne, na iri ne."

Ma'u ta daɗe tana duban tsumman. Ta so a ce irin Iliyasu za a shuka a gonar duka. Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙe, ta sauke goran, ta miƙa wa Mu'azu.

"Fangalin gindin giginya, inda yayanka yake zama. Kada ka haɗa min da wancan."

"To, uwar iri. Ko shinge zan yi mai?"

"Ka yi. Awakinku ba su da kunya."

Ranar da ta fita takaba, fadama ta fara zuwa. Sabon irin ya yi kore shar, ya isa dashe. Na gindin giginya kuwa tsilla-tsilla ya fito. Ma'u ta tsuguna, ta fara cire masa ciyawa.