Sunan Ɗan Fari

Agnes mai markaɗe ce ta fara gaya mini — tana tura shinkafata cikin inji da ɗan icen nan nata, ko kallona ba ta yi ba. "Inna, mutumin nan fa ya fito takara. Majalisa." Na ce wane mutum? Sai ta kashe injin. Agnes da ba ta kashe inji da ƙullu a ciki ko da gobara ake yi. Ta ce, "Abdulmuhaimin."

Tun ranar kunnena bai daina ƙara ba... Ga shi yanzu ko'ina a Gwallaga hotonsa ne, a bayan keke, a turken wuta, har a ƙyauren gidana wani mara kunya ya manna. Farar hula, gemu ya yi furfura, murmushi kamar limamin Juma'a. An goge tabon goshinsa. Ina tabon ya tafi? Ni na san tabon nan. Ni na dafa ruwan da aka gasa shi, a tsakar gidan nan, kana riƙe masa kai yana ihu kamar akuya.

Kai nake wa magana. Kai da ba na kama sunanka. Ɗan fari... a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, haka na tarar, haka na yi. "Kai." "Yaron nan." "Wancan na zaure." Har ka yi gemu, har ka haihu, har aka fita da kai a makara, ban taɓa —

Ƙullun nan ya yi ruwa ne? A'a. Daidai yake.

Gobe da safe zai zo. Nan bakin tandata, daidai lokacin da masu sayen masa suka fi cika, da yaransa masu ɗaukar hoto a waya. Wai zai durƙusa, in ɗora masa hannu a ka, in ce na yafe, Allah ya ba da sa'a. Uwar wanda aka ɗaure su tare ta yafe, to wa kuma zai buɗe baki? Ka san wa ya kawo mini saƙon? Ɗanka. Ikrima. Ikrimana da na goya har bayana ya karye, shi ya shigo ɗazu da hula mai hoton mutumin nan, yana dariya da haƙoranka. "Amaryata, yi mini guɗa, Oga ya naɗa ni shugaban matasa!"

Shugaban matasa...

Haka aka ce maka kai ma. Sak. Ko kalma ɗaya ba su canza ba, hular kawai suka canza. An fara da babur, sai riga, sai kwalaben maganin tari a bayan randa, sai ranar nan da na ɗaga buhun shinkafa na ji nauyin ba nata ba ne... adduna. A buhun shinkafar masata! Na yi magana, ka ce mini na tsaron akwatin zaɓe ne, Inna, ba na kowa ba.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ka sara. Tunji tela da ya ɗinka maka kayan angonci, ya ɗaga hannu zai kare fuskarsa a layin zaɓe, ka sara. Yana nan har yau a bakin titi, zare da maɓalli yake sayarwa, keken ɗinkinsa na ɗaki a lulluɓe. In zan wuce ta nan mayafi nake ja. Yakan gaishe ni fa — "Mama, ya kasuwa?" — da hannun hagu. Shi wa ya durƙusa masa? Wa ya je da masu hoto? Ko don shi ba shi da layin mutane da safe?

Alƙali ya faɗa da bakinsa, ina zaune, ba labari aka ba ni ba: kai ka sara, mutumin nan shi ya sayi addunan, shi ya raba, shi ya nuna layin. Aka ɗaure ku tare. Ban yi kuka a kotu ba, mata suka yi ta cewa Inna mai masa dutse ce. Dutse! Ɗan fari ne, yaya zan yi kukan ɗan fari a gaban mutane? Na haɗiye shi, yana nan har yau a ƙasan haƙarƙarina, in na yi dogon numfashi yana taɓa ni.

Ƙofar gidan yari... kwanon masa a kaina, da ɗumi, da miyar taushe a 'yar langa. Gandiroba ya ce, wa kika zo gani? Na ce yaron nan. Wane yaro? Na ce ɗan gidanmu. Ya ce Hajiya, nan duk 'yan gidan wani ne, sunansa nake tambaya. Bakina ya buɗe, ya rufe... mutane a bayana suna tsaki. Agnes ce ta matso, ta faɗa. Ita ta faɗi sunanka. Daga ranar duk zuwan da zan yi sai ta rufe injinta ta bi ni, don kawai ta faɗi kalma ɗaya a ƙofa ta koma gefe ta zauna. Ta yi mini tsiya a hanya, "Inna, wannan kunyar taku wata rana za ta kashe mutum." In ce mata ke dai riƙe langar nan da kyau.

Mutumin nan kuwa kullum ana shigar masa da kula daga mota. Bai daɗe ba aka ce an yi masa afuwa. Afuwa! Kai ka cinye naka har kwanan ƙarshe, ka fito da tari, da ido kamar na wanda aka tono.

To ga abin da ke cin raina, ga shi nan, bari in faɗa tunda ba mai ji sai ƙullu.

Ni na yi yawo. Ni. Gida-gida, shago-shago, ina roƙo. Ku ba shi gadi, ku ba shi ko wankin mota, ya tuba wallahi, jam'i ba ya wuce shi, ku dubi Allah. Mai makarantar can ya ce, tsohon fursuna a kan yaran mutane? Mai shagon siminti ya ce a dawo gobe, goben da ba ta zo ba. Dangin matarka suka zo suka kwashe ta da kayanta, suka bar mini jinjiri a tabarma. Na riƙa cewa a raina, Allah da ya halicce mu yana karɓar tuba, ku su wa? Ku su wa da za ku riƙe mutum da abin da ya wuce?

Ɗazu kuwa yaron nan ya ɗauko maganata ya jefe ni da ita. "Kaka, ba ke kike cewa da an ba Baba dama da bai mutu a zaure ba? To ga wani yana neman damar, ke kuma za ki hana." Kaka fa ya ce, ba amarya ba. In ya ce Kaka, babu wasa. "Doka ma ta wanke shi. In kika kunyata ni gobe a gaban mutane, wallahi na bar gidan nan. Akwai ɗaki a gidan Oga."

Akwai ɗaki a gidan Oga. Na sani. Na san ɗakin. Can ka riƙa kwana.

Me zan ce masa? Ƙarya ya yi? Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Amma ni tocila da kujerar gadi na roƙa maka, ban ce a ba ka garin ba! Ban ce a zaunar da kai inda ake yi wa mutane doka ba. Ya ci, ya sha, ya yi kasuwancinsa, ya tsaya a sahun gaba, wa ya hana shi? Dole sai da 'ya'yan mutane a bayansa? In ya tuba, me ya sa tubar tasa take buƙatar shugaban matasa?

Amma kuma... in da gaske ne fa? Mutum yana canzawa. Kai ka canza, na gani da idona, ba wanda ya yarda sai ni. Shi ma yana da uwa, ko ita ma tana can tana cewa ku su wa? An ce ya haƙa rijiya a Miri, an ce ya daina ko taba. An ce, an ce... In na ƙi, na zama mai makarantar can ke nan? Na zama mai siminti?

A'a. A'a! Na ji shi a rediyo. "Kuskuren ƙuruciya." "Abin da ya faru a baya." Abin da ya faru — kamar ruwan sama, kamar ba hannu. Bai ce Tunji ba. Bai ce kai ba. Yara nawa ne ma? Ko ɗaya bai ambata ba. Ni da ban kira sunanka ba, nauyinsa ne ya hana ni. Shi fa? Bai ma sani ba. Na rantse bai sani ba. Ƙusa yake ce maka, sunan da suka laƙaba maka a daba. Ya tsaya a ƙofa kan babur, "Inna, Ƙusa na ciki?" Ɗan da aka yanka wa rago, aka raɗa masa suna a kunne... Ƙusa.

To shi ke nan. Ya zo. Ya durƙusa. Abu ɗaya zan tambaye shi a gaban yaran nasa da wayoyinsu. Sunanka. In ya ce Ƙusa, Ikrima ya ji da kunnensa abin da ubansa yake a wurin Oga. Ba sai na yi wani dogon zance ba.

An kira magariba ban sa albasa ba. Rufe, ki ajiye, ƙullun ya tashi kafin safe...

Ya tashi. Har ya taɓa murfi. Tanda ta yi zafi, mai na ƙara, layi ya kai bakin kwata. Agnes ta bar injinta ta zo ta tsaya a bayana, ba wanda ya kira ta. Ga motoci. Ga Ikrima a gaba da hular nan yana buɗe hanya, ya ƙi haɗa ido da ni.

Mutumin ya tsufa fa... ya yi tumbi, gwiwa na ba shi wahala wajen durƙuso. Tabon na nan. A hoto ne kawai babu.

"Inna, na zo neman gafara."

Na ce, na ji. Wanda aka ɗaure ku tare, ɗan gidan nan, yaya sunansa?

Ko numfashi bai ja ba.

"Nasiruddeen."

Cikakke. Yadda liman ya faɗa ranar suna. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa... Wa ya gaya masa? Ikrima ne a mota, yanzu-yanzu? Ko yana ɗauke da shi duk shekarun nan? Ina kallon fuskarsa, ina kallon ta Ikrima, ba abin da zan iya karantawa. Ba zan taɓa sani ba. Kuma a bakinsa! A bakin wannan mutumin sunanka ya fito, a ƙofar gidana, ni da na haife ka ina tsaye kamar baƙuwa —

"Nasiruddeen." Muryar wa ce wannan? Tawa ce. Agnes ta dafa kafaɗata. "Nasiruddeen," na sake, don in ji yadda yake a harshe... ashe gajere ne. Ashe bai fi haka ba.

Masa na ƙonewa, ina jin ƙaurin. Wayoyi a sama, kansa a ƙasa yana jiran hannuna. Na ce, tsakanina da kai na bar wa Allah, tashi ka je wurin Tunji. Hannun ya miƙe, ya wuce ta saman farar hular, ya cafko wuyan hannun Ikrima. Na ce, wannan kuma ba ya zuwa.

"Kaka, sake ni, mutane na kallo."

Su kalla. Na riƙe. Yana ja a hankali, bai fizge ba, bai tsaya ba... ƙashin hannunsa irin naka ne. Yatsuna duk mai ne, tun asuba nake cikin mai, ina ji yana zamewa kaɗan-kaɗan, ina ƙara matsewa, na kawo ɗayan hannun ma...