Kifin da Aka Ɗaura wa Kofur

Shagona na tura finafinai a waya yana bakin tasha a Kwanar Dangora. Tun da aka fara fassara wani shiri mai dogon zango na wani ɗan sanda a garin matsafa, bencina bai sake hutawa ba. Ɗan sandan nan yakan fasa ɗakin ajiya ya ɗauki kayan tsafi ba izini, yakan saki aljanin da aka tsare in ya ga zaluntarsa aka yi. Hafizu mai faci ya dage cewa gurɓatacce ne, wai duk mai kaki da ya karya doka akwai abin da yake lasa. Ni kuwa na ce taurin kai ne kawai, tunda ba a taɓa nuna ya sa ko allura a aljihu ba.

Kofur Abdulganiyu ma a wurina yake karɓar ci gaban shirin, amma bai taɓa sa mana baki ba.

Ranar Laraba da hantsi ya tsaya da babur zai karɓi wayarsa, da mutum a bayansa da ankwa a hannu. Habu ne, wani masunci daga wajen Tiga, ya fasa wa wani kai a rigimar taru, za a kai shi ofis. Wayar Habu tana aljihun Kofur tana ta kuka, har ya gaji ya kara masa a kunne. Muna kallo fuskar mutumin ta canza.

"Inna ta rasu," in ji Habu. "Sun ce ana wanka, ba za a jira kowa ba. Ranka ya daɗe, don Allah."

"Kai tsaye aka ce in kai ka. Oga yana jira."

Hafizu, da ba ya iya riƙe bakinsa ko a gaban mutuwa, ya ce, "To yau dai za mu ga na gaske."

Kofur bai ko dube shi ba. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce da ni, "Sani, rufe shagon nan ka hau bayansa."

Kafin mu shiga ƙauyen ya tsaya ya kwance ankwar, ya ce ba zai kai mutum gaban gawar uwarsa a ɗaure ba. Maƙabartar a bakin gonaki take, dawa ta fi tsayin mutum, in Habu ya faɗa ciki sai dai labari, kuma kakin Kofur ne zai tafi da shi. Aka yi salla, aka ɗauki makara, jama'a suka rufe Habu muka daina ganinsa. Wayar Kofur tana ta rawa a aljihu, gumi ya jiƙa masa baya. Na ji tsoro ƙwarai, har na fara zagin kaina da na biyo shi.

Ashe Habu yana cikin kabari yana gyara wa uwarsa kwanciya. Da aka gama ya zo da ƙasa a gwiwoyinsa, ya miƙo hannuwa da kansa.

Za mu tashi ke nan sai kawun Habu, wani tsoho Malam Mudi, ya fito da ƙunshin kifi banda, ya hau ɗaure shi a bayan babur.

"Baba, a bar shi, don Allah," in ji Kofur.

"Ɗana, ranar da na binne ƙanwata za ka mayar mini da hannuna?"

Duk zauren makokin ya zubo mana ido. Wa ya isa ya kunyata dattijo a irin wannan rana? Kofur ya sunkuyar da kai ya ce an gode.

A Kwanar Dangora muka tarar da motar ofis ta tare hanya, oga yana tsaye yana huci. Bai tambayi inda muka je ba. Hancinsa ne ya kai shi bayan babur. Ya kwance ƙunshin, ya ɗaga shi sama yadda duk tasha za ta gani.

"Da wannan aka saye ka?"

"Wallahi bai nema ba!" Habu ya yi ihu. "Kawuna ne ya matsa masa!"

Na ce ni shaida ne, aka ce in rufe baki ko in shiga motar. Can daga benci na jiyo Hafizu yana cewa, "Ai na faɗa muku." Raina ya ɓaci, da ba a riƙe ni ba da na kwaɗa masa ƙarfen facinsa.

Aka karɓi hular Kofur da bel ɗinsa, aka sa kifin a gaban mota a matsayin shaida. Ya hau baya, inda aka riga aka sa Habu. Habu ya matsa ya ba shi wuri yana kuka, wanda ko a bakin kabari ban ga ya yi ba.